Zabuwar da Ta Buɗe Rumbun Iri

Shekarar da ruwa ya yi mana wasa da hankali, muka yi shuka ya ɗauke, muka sake yi ya sake ɗaukewa, ita ce shekarar da Amiru, ɗan yayana Wada, ya ga ya dace ya kawo mana katun, fim ɗin zane na yara. Mata na jiƙa 'ya'yan anza a tukunya suna zubar da ruwan ɗacin don a sami abin sawa a ciki, awaki sun koma ƙashi da fata a kasuwar Bafarawa, rabin maza sun watse cin rani tun kafin lokacinsa. Shi kuwa ya sauko daga Kaduna da jakar kwamfuta a kafaɗa, da wani wando da ya matse shi sai ka ce a jikinsa tela ya ɗinka. Wai ya zo ya taimaki yaranmu.

Sunana Saude. Ni ce shugabar wata makarantar firamare a Sabon Birni, kuma ni ce gwaggon yaron, don haka ta fuska biyu nake da ikon faɗa masa gaskiya. Wata ƙungiya ce ta ɗauki nauyin fim ɗin nasa, tana so a zagaya da shi makarantun Sabon Birni da na Isa a haska wa yara ta majigi. Sai dai ba za a yi ba sai kwamitin malamai ya kalla ya amince. Kwamitin kuwa daga ni sai Malam Na'Allah na Isa, mutumin kirki wanda tun da na san shi ban taɓa jin ya ce wa kowa a'a ba, ko da ɓarawo ne ya zo aron tsani. Ke nan magana a bakina take. In na ce e, a nuna. In na ce a'a, Amiru ya naɗe kayansa ya koma inda ya fito.

Abin da ya sa na tsaya a kan maganar tun kafin in ga fim ɗin, tatsuniyar da ya ɗauka ta Inno ce, mahaifiyarmu, da ke zaune a Tsamaye. Mu a nan gatana muke ce wa tatsuniya, kuma a cikin duk gatanun Inno babu wadda ta shiga jikinmu kamar ta zabuwa da rumbun iri.

Ga yadda take. An yi wata shekarar fari, abinci ya ƙare ƙarƙaf a gidan zabuwa, ba abin da ya rage sai damin iri guda a cikin rumbu, wanda ake jiran ruwa ya sauka a shuka. Babban ɗanta ya zauna a gindin rumbun yana waƙa: "Inna, Inna, ƙwara ɗai." Ita kuma tana amsa masa: "Na ƙasa na, ɗana, ba na baki ba." Kullum haka, muryarsa na ƙara yin ƙasa, har ranar da zabuwa ta wayi gari ta ce "na ƙasa na" alhali ba wanda ya roƙe ta. Ɗan ya mutu. Ruwa ya sauka, ta shuka irin, sauran 'ya'yan suka rayu. A nan Inno take tsayawa, ba dariya, ba ƙarin bayani, ta ce kowa ya tashi ya kwanta.

Ba ta yin wannan gatanar sai a shekarar da rumbuna suka yi sauƙi. Inno ta san yunwa, don ta ga babbar da aka yi ina goye a bayanta, shekarar da yayanmu Atiku ya rasu, aka ce ƙyanda ce. Ni ban san shi ba, kuma ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, saboda ɗan fari ne, uwa kuwa a wajenmu ba ta kiran sunan ɗan fari, yana raye ko ba ya raye. A bakin Wada na ji sunan. Abin da dai na sani, duk yaron da ya ji gatanar zabuwa daga bakin Inno, ko yunwa za ta murɗa masa hanji ba zai miƙa hannu ga damin iri ba. Ni da nake da furfura, har yau in na wuce shi sai na maida hannuna baya.

Kuma a wannan shekarar ba maganar wasa ba ce. Iri ya ƙone a ƙasa sau biyu, abin da ya rage wa kowane gida na damina mai zuwa ɗan kaɗan ne, an zaɓi manyan zangarniyoyi an ɗaure an ajiye a can saman rumbu. A makon da Amiru ya iso na kama wata yarinya a aji, Jamilatu, tana tauna ɗanyen gero a ƙarƙashin hijabi. Da na matsa mata ta ce daga damin irin babanta ta zare zangarniya ɗaya. Ban dake ta ba, don na ga yadda wuyanta ya rame. Amma na san idan yara suka soma wannan, badi ko ruwa ya zo kamar da bakin ƙwarya, gonaki fili za su kwana.

Ranar kallo da hantsi muka taru a wani aji. Aka rataya tabarmi a tagogi don a yi duhu, aka manna farin zanen gado a jikin allo, janareto ya kama tari a waje. Amiru ya tsaya gabanmu yana murza hannu, ya yi mana jawabi a kan "isar da saƙo ga al'ummar karkara". Mu ne al'ummar karkarar. Yaron da na wanke wa kashi a gidan Inno.

Fim ɗin ya fara. Ko sallamar da ake buɗe gatana da ita babu, sai wani kiɗa kamar na tallar sabulu. Sai ga zabuwa ta fito, na gyara zama don in tabbatar idona ne ko kuwa. Zabuwar shekarar yunwa, amma ta yi ɓul-ɓul kamar talotalon da ake kiwo don bikin mai kuɗi. An yi mata gashin ido zara-zara, an shafa mata jan baki, an yafa mata gyale ruwan hoda. Tana tafiya tana karairaya. Duk zabuwar da ta yi wannan tafiyar a Tsamaye, kafin ta kai bakin garka shaho ya gama da ita.

"Amiru," na ce, "wagga da kaz zana, amarya ta ko zabuwa?"

"Gwaggo, yara suna son abu mai kyau ne. Bincike ya nuna haka."

Na bar shi da bincikensa. Aka nuna fari. Ƙasa ta tsattsage kamar gindin tafki, ga ƙoƙon kan saniya a yashe, ga wata rana a sama an yi mata fuska tana haɗe gira. Babu kalgo, babu sabara, babu ko gawo ɗaya, sai wasu itatuwa masu ƙaya da hannuwa biyu a sama da ban taɓa gani a ƙasar Gobir ba. Da alama wanda ya zana a talabijin ya ga fari, yana shan ruwan sanyi.

Sai rumbu, wanda mu a nan muke ce wa ruhewa. An zana shi a kan ƙasa daɓas, ba duwatsun da ake ɗora shi a kai don gara, ba hular ciyawa a sama. An yi masa ƙofa a ƙasa, ƙofar katako, da kwaɗo rataye kamar shagon mai sayar da omo. Kowa ya san rumbunmu ta sama ake shiga, sai an kafa tsani an ɗaga hula, shi ya sa yaro ba ya kaiwa sai da gangan. Da zabuwar ta leƙa ciki kuwa, ba dami, ba zangarniya, sai buhuna a jere, an cika su da wani abu rawaya mai manyan ƙwayoyi.

"Ina kag ga ruhewa da ƙohwa ƙasa? Kuma wanga hatsi na ko masara?"

"Gero ne, Gwaggo. Mai zanen ɗan Legas ne, na aika masa hoto."

"Hoton masara ka aika mai, ko shi na bai da ido?"

Malam Na'Allah ya yi gyaran murya ya ce, "Malama Saude, a bari mu gani har ƙarshe. Yaro ya yi ƙoƙari." Kafin a kai ko'ina ya soma gyangyaɗi, hularsa na zamewa.

Ɗan zabon ya zo ya zauna a gindin rumbu. Shi ma kumatu cike, idanu manya kamar faranti, kowanne da ɗigon hawaye yana ƙyalli. Ya buɗe baki ya yi waƙar. Abin haushin, waƙar daidai take, kalma da kalma yadda Inno ke yi, har da yadda take jan "ɗai" ɗin a ƙarshe. Uwar ta amsa masa da tata. Ya sake, ta sake. Na ji tsigar jikina ta tashi duk da gashin idon da jan bakin, na ce a raina to, aƙalla zai kai mu inda ya kamata.

Bai kai mu ba. A karo na gaba da ɗan ya yi waƙa, sai zabuwa ta dafe ƙirji, kiɗan sabulun nan ya dawo da ƙarfi, ta ciro makulli daga cikin gyale ta buɗe kwaɗon. Ta ɗebo iri ta zuba wa ɗanta, ya ci har ya yi gyatsa. Ba ta tsaya nan ba, ta kira duk dabbobin daji ta raba musu. Har kura ta zo da kwano tana hawaye ta karɓi gero. Kura! Suna gama cinyewa sai ranar nan mai haɗe gira ta yi murmushi, hadari ya haɗu, ruwa ya sauko, gero ya tsiro da kansa ba wanda ya ɗauki sungumi, ya fitar da kai nan take. Dabbobi suka riƙe hannun juna suna rawa. Rubutu ya fito cewa mai rabawa ba ya rasawa. Duk abin bai kai tsawon dahuwar shayi ba, amma ya ishe ni.

Amiru ya yaye tabarma ɗaya, haske ya shigo, Malam Na'Allah ya farka yana tafi. "Madalla, madalla. Akwai darasi ciki."

"Akwai," na ce. "Darasin shi na, ɗiya su hau ruhewa su cinye iri, sannan su zauna jiran kura ta zo su yi rawa. Kai Amiru, ka san abin da aka kira iri? In anka ci shi, mi za a shuka? Gashin idon zabuwarka?"

"Gwaggo, saƙon shi ne tausayi da taimakon juna. Ba za a nuna wa ƙananan yara mutuwa ba."

"Ɗiyanmu ba su buƙatar majigi su ga mutuwa, suna ganin ta bakin ƙohwa. Abin da suka buƙata a hwaɗa musu kar su taɓa iri, kuma gatanar ga don haka anka yi ta. Ka ɗauki abin tsohuwa ka yanke mai kai, ka liƙa mai kan 'yar tsana, ka kawo muna shi cikin shekarar da yarinya ka tamnar ɗanyen hatsi cikin ajina. Ko kunya ba ka ji ba?"

Na zaci zai sunkuyar da kai. Sai ya dube ni, fuskarsa ta yi ja-ja-ja irin ta ubansa in an taɓa shi.

"Ban canza komai ba, Gwaggo. Haka Inno ta ba ni shi. Bara da na zo, na zauna da ita bayan azahar na ɗauki muryarta. Ita ta ce zabuwar ta buɗe."

Na yi dariya, dariyar raini. Na farko dai ba a yin gatana da rana, ko yaron goye ya san wannan, sai wanda Kaduna ta wanke masa kai. Na biyu, Inno da ta shekara arba'in tana kashe ɗan zabon nan ba tare da muryarta ta girgiza ba, ita za ta buɗe rumbu? Na ce masa ƙarya ba ta yi masa kyau ba, ya bar wa masu iyawa. Ya ce zai kunna mini muryar. Na ce ba na so, wanda ya iya sa kura cin gero zai iya sa na'ura ta faɗi komai. Na sa ya tura mini fim ɗin a wayata, na ce wa Malam Na'Allah ya dakata da amincewarsa, zan kai wa mai gatanar ta yanke hukunci da bakinta.

Washegari na hau kabu-kabu zuwa Tsamaye. Gonaki hagu da dama fayau, karan bara ma an kwashe an ba dabbobi. Duk hanya ina shirya yadda zan dawo in maimaita wa Amiru zagin da Inno za ta yi masa, don bakinta ya fi nawa kaifi, daga wajenta na gada.

Na same ta a inuwar rumbu tana tsince ganyen tafasa a faifai. Idonta ya yi rauni, sai abu ya zo dab da hancinta take gani. Muka gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi ko an ga alamar hadari ta wajenmu, na ce babu. Sannan na zauna a kan turmi na kwashe mata komai, ban rage ba: jan baki, kwaɗo, masara, kura da kwano. Ta yi dariya a kan kurar har tana tari.

"Mijin nan nau bai da wayo," in ji ta. Haka take kiran Amiru, irin wasan kaka da jika. "Kunna min in gani."

Na kunna na miƙa mata. Ta riƙe wayar da hannu biyu ta kai ta kusa da fuska. Na zuba ido ina jiran tsaki. Zabuwa ta fito da gyalenta, tsakin bai zo ba. Aka nuna rumbu mai ƙofa, nan ma bai zo ba. Da ɗan zabon ya fara waƙa, sai na ga leɓenta na motsi, tana amsawa tare da uwar a hankali. Aka zo wajen makulli.

"Ta buɗe?" ta tambaye ni, don ba ta gani sosai.

"Ta buɗe, Inno. Kin ga abin da nika hwaɗa miki."

"Ya ci?"

"Ya ci har da gyatsa. Kuma wai ke kib ba shi haka. Ƙarya ƙiri-ƙiri."

Ta ajiye wayar a cinya, kiɗan rawar dabbobi na ta tashi daga cikin zanenta.

"Ba ƙarya yay yi ba. Ni nib ba shi."

Ta ja faifan tafasar gefe.

"Yaz zo da rana tsaka yac ce in yi mai gatana, nic ce ba a yi da rana, yan nace. Yaz zamna nan inda kike. Saude, goshin yaron ga goshin wancan na, ba ki san shi ba shi as sa ba ki gani. Nif fara, nik kawo wurin ruhewa, nid dube shi, sai bakina yaƙ ƙi. Na yi na yi in ce 'na ƙasa na', ta ƙi hita. Sai nib buɗe mai."

"Wancan wa, Inno?"

Ba ta faɗi sunan ba, ta dai nuna gindin rumbun da haɓa.

"Shekarar babbar yunwa ubanku ya tahi kudu neman abinci, yab bar ni da ku da damen iri guda bisa ruhewa, yac ce komi za a yi kar in taɓa. Ke kina goye, Wada na rarrahe da ƙyar don rama. Babban shi ad da wayo, ya san abin da ac can sama. Kullum nan shika zama, bai kuka, bai ƙiriniya, shi dai 'Inna, ƙwara ɗai.' Ni ko in ba shi amsar da kis sani. Ƙyanda ta same shi, gaskiya ta, amma ta iske ciki wohi. Mun ruhe shi ba da jimawa ba ruwa yas sauka. Munka shuka damen nan. Shi kunka ci, ke da Wada, kunka tashi."

Ta faɗe shi ne kamar tana ba da labarin farashin gishiri. Ni kuwa sai na ji turmin da nake zaune a kai ya yi mini tauri, tausayinta ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane, ba ta ambatonsa, ba ta cewa ta yi kewarsa. Ashe duk shekarar da rumbu ya yi sauƙi, in ta tara mu tana mana gatanar zabuwa, makokinsa take yi a gabanmu, mu kuwa muna jin tsoron iri kawai.

"Da na buɗe da mun tahi mu duka," in ji ta. "Na sani. Ba ni buƙatar kowa shi hwaɗa min."

Sai na koma kan aikin da ya kawo ni, don ban san abin da zan ce ba in ba shi ba.

"To Inno, yanzu ƙaƙa za a yi? Suna son a nuna ma ɗiyan makaranta, nan da Isa duka. Maganar ga bakina take."

Ta juyo da fuska gare ni da sauri, irin juyowar da take yi mana muna yara in mun yi shirme.

"Ke kina da hankali kuwa? Bana? Ɗiya na jin yunwa a gwada musu hanyar ruhewa? Kar ki yarda. Ƙarya ta, hatsi bai tsira in ba a shuka ba. Ku yi musu ta gaske, wadda nika yi muku, ku kashe ɗan zabon, su ji tsoro su rayu."

Na tashi na koma bayan ɗaki inda waya ke kamawa, na kira Amiru. Na ce masa ban amince ba, kuma mai gatanar ma ba ta amince ba. In yana so a nuna fim ɗinsa a makarantunmu, ya ramar da zabuwar, ya goge mata jan baki, ya ɗora rumbu kan duwatsu ya toshe ƙofar nan, ya kori kura, sannan ya bar rumbun a rufe har ƙarshe. Ya ce ƙungiyar ba za ta taɓa yarda a kashe yaro a fim ɗin yara ba. Na ce to su riƙe majiginsu, sai shekarar da aka yi ruwa su zo su yi rawa da kura. Muryarsa ta karye, ya ce wata da watanni ya yi yana aikin nan. Na san haka, kuma na ji ba daɗi, amma ban janye ba. Abu ɗaya na ƙara masa, na ce zargin ƙarya da na yi masa jiya na janye shi, kuma in ya sami hanya ya zo ya ga kakarsa, ya zo ba da na'ura ba.

Da na dawo Inno ta miƙo hannu.

"Kin gama da shi? To ba ni abin nan. Ɗiya ba su gani nai, amma ni tsohuwa ta, ba ni hawan ruhewa. Ki bar min shi nan."

Na ce wayar aikina ce, kuma cajinta ya kusa ƙarewa. Ta ce akwai mai caji a bakin kasuwa, ni kuma in nemi wata. Ban yi musu ba. Na nuna mata inda za ta danna da babban yatsa, na maimaita mata har ta iya, na ɗauki jakata na yi mata sallama don mai kabu-kabu na jirana a waje.

Har na kai zaure sai na tuna ban bar mata ɗan garin da na zo da shi ba, na juyo. Tana nan inda na bar ta, a gindin rumbu, damin irin bana na can sama a rufe ba wanda ya taɓa shi. Ta kai wayar dab da hancinta. Kiɗan sabulun nan da na tsana ya tashi, zabuwa mai jan baki ta ciro makullinta, ta zuba masarar ɗan Legas a gaban ɗanta. Inno ba ta san na dawo ba. Ta matso da bakinta jikin gilashin, ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ake lallashin yaron da ya daɗe bai sa komai a ciki ba.

"Ci, Atiku," in ji ta. "Ci a hankali, akwai saura."